Wasiƙa ga Auta kan batun aikin hanci

Assalamu alaikum Auta. Da fatan kina lafiya, da Hajiya da su Yaya da yaran gida baki ɗaya. Saƙonninki duk sun iso, har da hotunan nan na asibitoci da kika kwaso daga Instagram. Ban amsa miki da murya ba ne don maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, kuma ina so ki samu abin da za ki karanta ki sake karantawa, ki karanta wa Hajiya ma.

Kin tambaye ni wace ƙasa za ki nufa. Shekarata takwas ina aikin jinya a sashen kunne da hanci da maƙogwaro a nan Ingila, bara kuma na raka wata ƙawata Istanbul aka yi mata irin wannan aikin. Abin da idona ya gani zan gaya miki.

Bari in fara da hancin kansa. Tun faɗuwar da kika yi kina ƙarama karan ya karkace, kuma ni shaida ce da baki a buɗe kike barci. Kafin ki nemi biza ko ki tura wa kowa ko sisi, ki je likitan hanci ya zura miki 'yar kyamarar nan ya duba bangon da ya raba ƙofofin biyu. In ya goce, to aikinki biyu ne a haɗe, gyaran numfashi da gyaran siffa, kuma ba kowane mai tallar hanci ne ya iya na farkon ba. Na san Hajiya za ta tambayi hukunci. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta zauna kan wannan a Malesiya a 2007, ta raba tsakanin gyara lahani ko illar rauni da sauya halitta lafiyayya don kwalliya kawai. Ku kai wa malami bayanin likitan, ya ɗora fatawarsa a kan abin da ke akwai.

Ga abin da hotunan Instagram ba za su gaya miki ba. Hannun kowane likita a kan wani irin hanci ya ƙware. Yawancin masu zuwa wurin likitocin Tehran da Istanbul dogon hanci ne da su, mai tozo a kara, sai a kankare tozon, a rage tsawo, fata ta koma ta kwanta. Namu ba haka yake ba. Fatarmu mai kauri ce, guringuntsin kan hancin mai laushi, karan a kwance, gindin da faɗi. Irin wannan hancin gina shi ake yi, a ɗebo guringuntsi daga cikin hancin ko bayan kunne ko haƙarƙari a kafa masa ginshiƙi. In aka zo aka yi ta yanka ana ragewa, fata mai kauri ba ta bin abin da aka rage, sai kan hancin ya dunƙule, wani lokacin ƙofofin su riƙa manne wa in an ja iska. Na ga matan da suka dawo da wannan, kuma gyara na biyu ya fi na farko wuya da tsada nesa ba kusa ba.

Turkiyya ce kika fi ƙwallafa wa rai, don haka zan daɗe a kanta. Gaskiya akwai gwanaye a can. Wani likitansu, Onur Erol, shi ya wallafa a 2000 hanyar daddatsa guringuntsi ƙanana a naɗe shi a shimfiɗa kan karan hanci, likitocin duniya suka ɗauka suka yi ta inganta ta, kuma hanya ce da ke amfanar irin hancinmu. Asibitin da muka je tas yake, mota ta ɗauke mu daga filin jirgi, otal mai kyau, ga tafinta. Kuɗin duka bai kai rabin abin da aka yanka wa ƙawata a nan ba. Amma wata biyu tana magana da wata mai shirya tafiya a WhatsApp, ba ta taɓa jin muryar likitan ba sai safiyar aikin. Ya shigo, ya ɗaga haɓarta, ya latsa kan hancin da yatsa, ya yi zane da alƙalami, minti goma bai cika ba ya fita. Takardar amincewa da aka miƙo mata shafuka ne da yawa, tana sanye da rigar tiyata ta sa hannu. Rana ta bakwai aka cire abin da aka ɗora mata a kara, ta takwas muna cikin jirgi.

Sati na uku ɗinkin gefen ƙofar hagu ya yi ja, ya fara ruwa. Ta tura hoto, aka ce ba komai, ta jira. Ta sake turawa bayan kwana biyu, amsar ba ta canza ba. Ranar da zazzaɓi ya rufe ta ni na kai ta sashen gaggawa da dare. An ba ta magani ta warke, alhamdu lillahi, amma wurin ya bar tabo, ƙofar ta fi 'yar'uwarta ƙanƙanta. Asibitin gwamnati a nan zai ceci ranki, ba zai sake miki aikin kwalliyar da aka yi a waje ba. Can kuma sun ce ta dawo bayan shekara a gyara, tikiti da otal da kuɗin ɗakin tiyata nata. Araha ba ta ado, haka na yi ta faɗa a raina muna zaune a benci muna jiran a kira ta. Ban ce kowa haka yake ba. Tun 2017 gwamnatinsu ta wajabta wa asibitoci da kamfanonin dillanci masu karɓar baƙi su mallaki takardar izini daga ma'aikatar lafiya, sai ki nemi a nuna miki ita. Sai dai takardar ta wurin ce, ba ta ce komai a kan hannun mutumin da zai riƙe wuƙa ba.

Koriya ta Kudu ta ba ni mamaki da na karanta aikinsu, don ta wata fuskar sun fi kusa da mu. Su ma karan hancinsu a kwance yake, fatar da kauri, saboda haka gini suka saba. Unguwar Gangnam a Seoul bene kan bene duk asibitin kwalliya ne. Abin da ke damuna shi ne yawan amfani da silikon wajen ɗaga kara. Yana da sauri, ba a taɓa haƙarƙari, amma baƙo ne a jiki: yana iya gocewa, yana iya kama ƙwayoyin cuta bayan shekaru, har ya nemi ɓullowa ta fata. Sun kuma sha fama da matsalar likitan ɓoye, wato ki yi magana da babban likita, kina yin barci a musanya shi da wani. Abin ya kai sai da suka yi doka, tun Satumbar 2023 dole a saka kyamara a ɗakin tiyatar da ake sa mutum barci, a ɗauka in majiyyaci ya nema. Dokar ta burge ni, dalilin kafa ta kuma ya tsorata ni. Ga nisa, ga harshe.

Iran ba zan ba ki shawararta ba. Sun yi suna, a Tehran ganin filasta a hanci ba abin kallo ba ne, kuɗin ma da sauƙi. Amma salon da ya yi tashe a can ɗan ƙaramin hanci ne mai ɗagaggen kai, wanda ba zai zauna a fuskarki ba, kuma saboda takunkumi katin banki na waje ba ya aiki, da kuɗi a hannu za ki yi yawo. Indiya kuwa ana jin Turanci a asibitocinsu, suna da biza ta masu neman magani, kuma likitocinsu sun saba da yadda fata mai duhu ke yin tabo. Burazil tana da ɗimbin baƙaƙen fata da tsohuwar makarantar tiyatar kwalliya da Ivo Pitanguy ya kafa a Rio, sai dai tafiyar doguwa ce kuma da Fotugis ake magana. Amurka na da likitocin da aikinsu ke nan kan hancin baƙar fata, amma kuɗinsu ya fi ƙarfinmu ni da ke a haɗe.

Sai nan Ingila. Hukumar lafiya ta NHS da kanta ta ce aikin a asibitin kuɗi yana kamawa daga fam 4,000 zuwa 7,000, ban da ganin likita da abin da zai biyo baya. Tsada ce, kuma ba na ce hannunsu ya fi na Turkawa ba, don wasunsu ba su taɓa yi wa baƙar fata ba. Abin da kuɗin ke saya miki shi ne lokaci da ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. Sunan likita yana cikin rajistar GMC, hukumar da ke kula da likitoci a nan, kowa na iya buɗewa ya ga ƙwarewarsa. Ƙa'ida ce wanda zai yi aikin shi zai zauna da ke, a kuma ba ki aƙalla sati biyu ki yi tunani. A Faransa ma doka ce, kwana 15 tsakanin ba ki takardar kuɗi da shiga tiyata. Jamus kuwa kowane likita na iya kiran kansa likitan kwalliya, sunan ba shi da kariyar doka, sai an duba takardar ƙwarewarsa ta gaske.

Me ya sa nake ta nanata bayan aiki? Domin hanci ba ya nuna kamanninsa a sati ɗaya. Hotunan da kika turo mini yawancinsu a kan gadon tiyata aka ɗauka, kafin kumburi ya taso. Shatin jini a ƙasan ido yakan baje cikin sati biyu, amma kumburin kan hanci yana cin shekara, ga mai fata irin tamu har ya wuce. A cikin watannin nan ne likita ke dubawa, in ya ga nama na taruwa a saman kan hancin ya yi 'yar allura ya kwantar da shi, ya koya miki yadda za ki riƙa manna filasta da dare. Wannan ba ya yiwuwa ta hoto. Ga kuma abu biyu naki na kanki. Kin tuna tudun da ya fito miki a kunne bayan huda ta biyu? Ba kasafai irinsa ke fitowa a hanci ba, amma duk likitan da zai yanka gefen ƙofofin dole ya gan shi tukuna. Sannan ki tafi da takardar gwajin jininki, ki gaya wa likitan sa barci ke AS ce, ko bai tambaya ba.

In son raina ne, ki jinkirta ki ƙara tari ki taho nan. Bizar ziyara ta yarda da jinya a asibitin kuɗi, ɗaki yana nan, ni zan riƙa wanke miki ɗinkin da hannuna. In kuɗin ya gagara, Istanbul ce ta biyu, da sharaɗin mu zaɓi likitan da sunansa, ba kamfani ba. Ya yi magana da ke ta bidiyo shi da kansa. Ya nuna mana hotunan baƙaƙen fata da ya yi wa aiki, waɗanda aka ɗauka bayan shekara guda, ta gaba da ta gefe da ta ƙasa. Ya faɗi daga ina zai ɗebo guringuntsi, ya rubuta wa zai biya in an koma gyara. A turo takardar amincewa da Turanci tun kina gida. Kuma ba za ki hau jirgi a rana ta takwas ba, sati biyu zuwa uku za mu yi, don zan ɗauki hutu in same ki a can.

Yanzu dai ki fara da likitan hanci, ki turo mini abin da ya rubuta, da hotonki ta gefe a hasken rana ba tare da kwalliya ba. Akwai babban likita a sashenmu da nake so ya duba. Ki gaishe mini da Hajiya sosai, ki ce mata zan kira ranar Juma'a bayan na tashi daga aiki.

Yayarki.