Wata bakwai ina ɗaukar shirwa da shaho da Nikon P950

Tun ina yaro nake ganin shirwa na shawagi a saman gidanmu amma wallahi ban taɓa sanin kalar bakinta ba sai da na sayi kamarar nan. Na hannu na saya, Coolpix P950 wadda ta fito a 2020, kuma ba don komai ba sai don wani ƙaramin shaho da ya mayar da darbejiyar lambunmu a Zariya wajen zamansa, kullum wajen ƙarfe bakwai na safe yana nan kan reshe ɗaya yana dakon ƙadangaru. Da waya in na ɗauka ɗigo kawai nake gani.

Zum ɗinta ninki 83 ne, daga 24mm har 2000mm, ranar farko ina tsaye a ƙofar kicin na jawo shi har ya cika fuskar kamarar, sai ga ido jawur, ƙirji da ratsi-ratsin ja sirara kamar an zana da biro, bayansa toka-toka. Daga baya na gane shi ake kira shikra kuma namiji ne, don na mace idonta ya fi karkata zuwa ruwan lemo. Na fi minti goma ina kallon hoton nan kafin na kira maman yara ta zo ta gani.

Abin da na fi jin daɗinsa shi ne wani ɗan maɓalli a gefen lens, in ka yi zum sosai tsuntsun ya ɓace maka cikin ganye sai ka danne shi hoton ya ja baya ka nemo shi, kana saki ya koma inda yake. Wanda bai taɓa neman tsuntsu a 2000mm ba ba zai gane darajar wannan ba. Akwai ma saitin kallon tsuntsaye a kan dayal ɗin sama, da shi na fara kafin hannuna ya faɗa.

Shirwa kam wani labari ne daban tunda ba ta zama, sai dai ta kawo sura ta wuce, kuma irin kamarorin nan masu dogon zum duk ƙaramin sensa gare su, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kamara, shi ya sa tsuntsun da ke zaune cikin haske suka fi so. Sai da na koyi rage zum ɗin sosai in sa shota, wato saurin ɗaukar hoton, a 1/2000 na daƙiƙa sannan na fara samun na kirki, shi ma ba kullum ba. Kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, to ita ce ƙararrawata yanzu, da ta yi kukan nan 'yan tsaki suka ruga ƙarƙashin mangwaro na san in ɗaga kai. A haka na samu hoton da ya nuna bakin rawaya ɗorawa gaba ɗaya, wato tamu ce ta Afirka, masu zuwa daga Turai da rani bakinsu baƙi ne, sai dai a kula 'ya'yan tamu ma bakinsu duhu ne kafin su girma.

Kar ka wahalar da kanka da tsakar rana, hucin zafi na sa hoton nesa ya yi ta rawa, hazon hunturu ma haka yake dusar da komai. Safe da bayan la'asar ne lokacin ɗauka. Nauyin kamarar kusan kilo ɗaya, ni kan katanga nake jingina gwiwar hannu ko in ɗora ta kan buhun dusa. Batir kamfanin ya ce hoto kusan 290 yake yi, na sayi na biyu.

Don Allah kar a ɗaure ɗan tsako don jawo su, na ga masu yi kuma abin na min ciwo, tsohuwar tasa na cika da ruwa na ajiye a inuwa, a watan Afrilu shahon da kansa ya sauko ya yi wanka ina daga taga ina ɗauka.