Hattara da masu tallan "helikwaftan 3D" na bogi a Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar jiragen rimot a Sakkwato da kewaye.

Duk wanda hannunsa ya faɗa a kan ɗan helikwaftansa na farko, irin mai farfela biyu sama da ƙasa da ake tayarwa a tsakar gida, zuciyarsa kan koma ga na biyu: wanda zai yi alkafura, ya kife ciki sama, ya tsaya cak a haka. A nan 'yan damfara suke tare hanya. Sun san mai saye ya sha kallon bidiyo a TikTok, ya haddace kalmar "3D", wato sunan irin wannan tuƙin alkafura, amma bai taɓa riƙe irin jirgin a hannu ba, kuma aljihun ba nauyi. Tallan na yawo a Facebook da rukunonin WhatsApp, yau da wannan lamba, gobe da waccan. Shi ya sa ba za mu kama suna ba. Salon cutar ne ba ya sauyawa, kuma shi ya kamata a gane.

Mafi yawan wanda ake yi wa mutane shi ne a sayar musu da jirgin wasan yara da sunan jirgin alkafura. Kwalin zai zo da "3D" da "6CH" (canel 6, wato yawan umarnin da rimot ke iya aika wa jirgi) ɓaro-ɓaro, wani lokaci ma sitika ce aka manna a kan asalin rubutun. Kada ka kula kwali, kan farfela za ka duba.

Helikwaftan rimot iri uku ne. Akwai mai farfela biyu, canel 3, irin su Syma S107, mai 'yar farfelar wutsiya da ke kallon sama. Wannan ko iskar fanka ba ya jurewa. Akwai mai farfela ɗaya, canel 4, irin su WLtoys V911, wanda fuka-fukansa a kafe suke a kwana ɗaya: in kana son ya hau ka ƙara gudun inji, in kana son ya sauka ka rage. Sai na uku, mai canel 6, wanda injinsa ke gudu kusan bai ɗaya, fuka-fukan ne ke murɗawa, su ɗauki kwana sama ko ƙasa, wajen digiri 11 zuwa 12 kowane ɓangare. Wannan na ukun kaɗai ke iya tsayawa a kife. Dalilin a fili yake: in jirgi ya kife, farfelar da ke tura iska ƙasa ta koma tura ta sama, wato tana jan jirgin zuwa ƙasa. Sai fuka-fukan sun juya kwana zuwa ɗaya ɓangaren sannan za su riƙe shi. Fiffiken da aka kafe ba shi da wannan, ko da an rubuta 3D sau goma a jikinsa.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Cire hular jirgin ka dubi faifan nan da ke zagaye da shaf ɗin tsakiya a ƙarƙashin farfela. Ƙirga sarbo, wato ƙananan injinan da ke motsa faifan, nawa ne suke tura shi. Na gaskiya uku ne, an jera su kewaye da shaf. In biyu ka gani, canel 4 ne. In babu ko ɗaya, na wasan yara ne. Daga nan ka kunna rimot, ka sa batir, ka danna makunnin da ke kulle inji, wanda aka rubuta HOLD a kansa, don kada farfela ta tashi ta yanke ka. Tura sandar hawa da sauka sama da ƙasa. Dole ka ga faifan ya hau ya sauka gaba ɗayansa, fuka-fukan suna murɗawa a mariƙinsu. Rimot ɗin da ba shi da makunnin HOLD, ba shi kuma da na shiga yanayin alkafura, mai rubutun IDLE ko 3D, ba na wannan aiki ba ne.

Akwai wata dabara da ke ruɗa ko masu ɗan sani. Wasu jiragen canel 4 na zamani suna da maɓalli guda da in ka danna, jirgin zai wuntsila sau ɗaya da kansa ya dawo daidai. Mai talla zai ɗauki bidiyon wannan ya ce ga 3D. Kwamfutar jirgin ce ta yi, ba hannun matuƙi ba, kuma ba abin da za ka koya a ciki. Ka ce ya kifar da shi ya riƙe daƙiƙa 5 a kife. A nan zance ke ƙarewa.

Salon cuta na biyu ya fi haɗari ga jiki: jirgin hannu da ya sha faɗuwa, aka harhaɗa shi aka goge. Yawanci mai ɗan girma ne, ajin da ake ce wa 450, ana kiransa T-Rex, sunan jirgin kamfanin Align, alhali kwaikwayonsa ne, an haɗa shi da tarkacen jirage biyu ko uku. Za a ce maka mai shi ne zai yi tafiya, sau biyu kacal ya tayar da shi. Girmansa da ƙarafunansa masu ƙyalli su ke jan ido, ga shi farashin bai kai na ƙaramin sabo ba.

A sani, farfelar 450 tana juyawa wajen sau 3000 a minti. Da fuka-fukai masu tsawon milimita 325, bakin fiffiken yana gudun kusan kilomita 400 a awa. In fiffiken da aka liƙe da sufa gulu ya ɓalle a wannan gudu, wuƙa ce aka jefa, kuma ba ta zaɓen wanda za ta samu. A unguwanni irin Mabera ko Runjin Sambo, inda yara ke cika fili da zarar sun ji ƙarar inji, wannan ba abin wasa ba ne.

In har sai ka sayi na hannu, je da alanki da ɗan gilashi ko madubi. Zare shaf ɗin tsakiya ka mirgina shi a kan gilashin. In yana tsalle ko haske na ratsawa ta ƙarƙashinsa, ya lanƙwashe. Akwai kuma gajeren shaf da ya ratsa kai ya riƙe fuka-fukan biyu, shi ne farkon abin da ke lanƙwasa a kowace faɗuwa. Cire fiffike ɗaya, sa alanki a notin ka juya a hankali kana kallon ɗaya mariƙin: in yana rawa, shaf ɗin ya tafi. Juya babbar giya da yatsa ka bi haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, domin wajen da aka ci haƙori uku ko huɗu yakan ɓuya ta baya. Motsa hannun kowane sarbo a hankali batir a cire. In ka ji ƙaras-ƙaras ko ya tsallake wani wuri, giyarsa ta ciki ta karye. Ka kalli bututun wutsiya ta tsawonsa kamar mai saita bindiga, ka duba bel ɗin ciki ko ya fara zare. Boris da ƙurar hunturu ta shiga za ka ji shi yana gurza kamar yashi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin gyara ne, amma in sun taru kuɗinsu ya kusa na wani jirgin, kuma sassan kwaikwayo ba kullum suke shiga na asali ba. Jirgin da shaf ɗinsa ya karkace yana kakkarwa, kakkarwar tana rikita na'urar daidaito, sai ka ga jirgi na zamewa gefe kai kuma kana zargin hannunka.

Mu a ganinmu, 450 ba jirgin koyon alkafura ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi, ko da lafiyayye ne. Mai koyo faɗuwa zai yi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Abin da ya dace shi ne ƙarami mai canel 6 wanda in ya faɗi kan yashi za ka kaɗe shi ka sake tayarwa. XK K110 da ƙaninsa K110S sun yi suna a nan: nauyi wajen giram 60, babban inji marar burushi, batir ƙwaya ɗaya mai 450mAh, ga makunnin 6G da ke daidaita jirgin da kansa da na 3D da ke sakar maka shi. Rauninsa ɗan injin wutsiya ne mai burushi, yana ƙonewa, don haka a saye shi da na canji. Mai ɗan hali ya dubi OMPHobby M1 ko M2, waɗanda injinsu ke juya farfela kai tsaye, babu babbar giyar da za ta ci haƙori. M2 ya fi jure iska, amma kuɗinsa ya ninka na K110. Sanin waɗannan sunaye kariya ne: K110S da rimot ɗinsa a kasuwannin waje yana kaiwa dala 100 zuwa sama tun kafin kuɗin kawowa. Wanda ya ce zai ba ka sabo fil a rabin haka, lissafa da canjin ranar, za ka ga ko dai ba shi ba ne, ko babu shi sam.

Wannan ya kawo mu ga cinikin biri a sama. Hotunan daga shafin kamfani aka kwaso su, bidiyon na wani matuƙi ne a wata ƙasa. Mai tallan zai ce yana Legas ko Kano, ko kaya na hanya daga Sin, a tura rabi kafin alƙalami a sa maka a mota. Bayan kwana biyu sai saƙo ya zo: kaya sun maƙale a kwastan saboda batir, a ƙaro kaza. Ƙaryar tana shiga ne don akwai ƙamshin gaskiya a ciki, batiran LiPo, irin waɗanda jiragen nan ke amfani da su, suna da ƙa'idoji masu tsauri a jigilar jirgin sama. In ka biya, sai kuɗin direba ya biyo baya, har wani ya kira ka da sunan yana tasha. Daga nan lamba ta mutu.

Maganinsa kiran bidiyo kai tsaye, ba wanda aka ɗauka aka turo ba. Zaɓi kalma da kanka, ka ce ya rubuta ta a takarda tare da kwanan wata ya ajiye gefen jirgin, ya cire hula, ya yi gwajin sarbo ukun nan kana kallo. In ya ce kwalin a rufe yake ba a buɗewa, ko netwok ba kyau, ko wani Alhaji na jira zai ɗauka yanzu, ka bar wa Alhajin. Duba kuma ko sunan asusun ya yi daidai da na mai tallan. In yana cikin gari, ku haɗu da rana a bainar jama'a, ka je da wanda ya san jirgi, kuɗi kuma bayan gwaji. In ta shagon intanet mai riƙe kuɗi har kaya su iso ne, kada ka yarda a ja ka WhatsApp a ce ka biya ta gefe don ragi, kuma kada ka danna cewa ka karɓa sai ka buɗe kwalin kana ɗaukar bidiyo.

Akwai ƙananan cuta guda biyu da ke bin ko cinikin da jirgin na gaske ne. Ɗaya rimot. RTF na nufin jirgi da rimot da batir da caja. BNF na nufin jirgi kawai, kai za ka kawo rimot. Sai a sa hoton RTF a kawo BNF, a ce ai rimot ɗinka na da zai yi. Ba zai yi ba. Kowane iri da yarensa: K110 yana jin S-FHSS na Futaba, jiragen Blade suna jin DSMX na Spektrum, rimot ɗin jirgin wasa ba ya jin ko ɗaya. Tambayi kuma ko Mode 2 ne, mai sandar hawa da sauka a hagu, don kada a ba ka wanda ya saɓa wa abin da hannunka ya saba.

Ɗayar batir. Ƙwayar LiPo cikakkiya bolt 4.2 ce, ana ajiye ta a 3.8, wadda kuma ta daɗe ƙasa da 3.0 ta riga ta lalace. Batirin da ya kumbura ko kaɗan, ko aka sake naɗe shi da sabuwar leda, kada ka karɓa ko kyauta ne. Zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40 yana dafa batirin da ya yini a but ɗin mota ko shagon kwano, irinsa kuma shi ke kama wuta a kan caja. Sikeli ma yana tona asiri: batir mai ƙwaya uku 2200mAh na gaske yana kai giram 170 zuwa 190. Wanda ya yi shafal, ko ɗan mitsitsi mai girman babban yatsa da aka rubuta wa 1500mAh, lambar ƙarya ce. Ɗan ma'aunin ƙwayoyi ba shi da tsada. In ƙwaya ɗaya ta bambanta da sauran da bolt 0.1, batirin ya fara mutuwa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko kwabo da fatan na farko zai dawo. Ya kira bankinsa nan take ya ba da lambar shaidar turawa, ya ɗauki hoton tallan da hirar da lambar asusun tun kafin a goge, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato. Ya kuma sanar a rukunin da ya ga tallan. Kunya ce ke sa mutum biyar su faɗa rami ɗaya.

Wasu masu tallan suna ƙara kuɗi da sunan za su haɗa maka da "lasisin tuƙi", su turo takarda mai tambari. Ɗan kasuwa ba ya ba da izinin tashi. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa izinin tayar da jirage marasa matuƙi daga wurinta yake, tare da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Takardar mai talla ba za ta cece ka ba in aka kama ka kana tayar da jirgi kusa da filin jirgin Sultan Abubakar III, ko barikin Giginya, ko gidan gwamnati, balle a halin tsaron da jihar ke ciki. In an tsananta bincike, tambarin jabun da ke aljihunka laifi ne na biyu.