Jera kayan wasan yara: bisa jinsi ko bisa irin wasan?

Manyan kantuna suna bin hanyoyi biyu wajen jera kayan wasan yara. Ta farko ita ce rabawa bisa jinsi: 'yar tsana da tukwanen roba cikin kwalaye masu ruwan hoda a ɓangaren 'yan mata, motoci da tubalan gini a ɓangaren maza. Wannan tsari yana sauƙaƙa wa mai neman tsaraba cikin gaggawa, kuma yana ƙara ciniki, domin iyaye kan sayi sabo maimakon ƙanwa ta gaji na wanta. Sai dai ko yaron da bai iya karatu ba yana gane launi, har ya fara jin kunyar taɓa 'yar tsana, yarinya kuma ta nisanci tubalan da ke koyar da auna siffa da girma.

Hanya ta biyu tana jera kayan bisa irin wasan da shekarun yaro. Kamfanin Target na Amurka, mai manyan kantuna, ya cire allunan jinsi daga sashen kayan wasa a 2015. A ganina wannan ta fi, ko da yake cire allo kaɗai ba ya sauya hoton da masana'anta suka buga a jikin kwali.