The Lord of the Rings ko Game of Thrones: wanne za ka fara kallo?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce hutu ka samu, ba ka taɓa kallon ko ɗaya daga cikin biyun ba, abokanka kuma sun rabu gida biyu: wasu sun ce The Lord of the Rings tatsuniyar yara ce, wasu sun ce kada ka ɓata lokacinka a kan Game of Thrones domin ƙarshensa ya rusa komai. Ka ƙara da cewa talabijin ɗaya ce a gidanku, ita ma a falo take.

Amsata ita ce ka fara da The Lord of the Rings. Zan faɗi dalili, amma ba zan danne wa ɗayan haƙƙinsa ba, don akwai inda ya fi, kuma fifikon ba kaɗan ba ne.

Mu fara da maganar falon nan, don ita ce mai sauƙin yankewa. Game of Thrones ba na falo ba ne. Tun kashi na farko akwai tsiraici ƙarara da alfasha tsakanin 'yan'uwa na jini, kuma haka abin yake tafiya, musamman a zangunan farko, ga fyaɗe, ga azabtarwa. Ba irin wanda za ka riƙe rimot kana tsallakewa ba ne, saboda sau da yawa a tsakiyar irin wannan wurin ake faɗin maganar da labarin ya rataya a kanta. The Lord of the Rings kuwa babu tsiraici, iyakarsa sumba nan da can. Abin lura kawai shi ne ƙananan yara: akwai sare-sare, akwai munanan halittun da ake kira Orc, akwai wata ƙatuwar gizo-gizo a fim na uku da za ta iya hana ɗan shekara bakwai barci.

Sai lokaci da data. The Lord of the Rings fina-finai uku ne, Peter Jackson ya ɗauke su a tare a ƙasarsa New Zealand, aka sake su a 2001 da 2002 da 2003. In ka haɗa su, awa tara ne da 'yan mintoci. Game of Thrones kuwa mai dogon zango ne, tashar HBO ta nuna shi daga 2011 zuwa 2019, zango 8, kashi 73, wajen awa 70 ke nan. Na farko kwana uku ya ishe ka. Na biyu zai cinye hutun duka ya nemi ƙari.

Yanzu ga inda nake ganin ainihin bambancin yake, kuma ba batun yara da manya ba ne kamar yadda abokanka suka ɗauka. Duk biyun a kan mulki suke magana. Sai dai kowanne da abin da ya yarda da shi game da mulkin.

A wajen J.R.R. Tolkien, wanda ya rubuta littattafan The Lord of the Rings da suka fito a 1954 da 1955, iko a cikin zobe ɗaya yake, kuma duk wanda ya saka shi sai ya lalace, komai kyan niyyarsa. Shi ya sa manyan labarin suke gudun zoben. An miƙa wa Gandalf, ya ƙi karɓa. An miƙa wa Galadriel, ta ga abin da za ta zama, ta janye hannu. Aka ɗora wa Frodo, ɗan ƙaramin mutum daga ƙauyen manoma wanda bai taɓa mafarkin sarauta ba, aka ce ya kai shi dutsen da aka ƙera shi ya jefa a wuta. Wato rundunonin nan duka da kake gani suna gwabzawa, aikinsu ɗauke hankalin abokin gaba ne, domin mutum biyu su lallaɓa da ƙafa su halaka abin da kowa yake kwaɗayi. Tolkien ya je yaƙin duniya na ɗaya, yana fagen Somme a 1916, aminansa sun mutu a wannan yaƙi. Wanda ya ga haka ba tatsuniyar barci ya zauna rubutawa ba. Ba zan tona maka abin da ya faru a bakin dutsen ba, amma ba irin jarumtar da kake tsammani ba ce, kuma daga nan ne na daina sauraron masu cewa labarin fari ne da baƙi kawai.

George R.R. Martin, marubucin littattafan da aka ɗauko Game of Thrones daga cikinsu, waɗanda na farkonsu ya fito a 1996, ta wata ƙofa ya shigo. Masoyin Tolkien ne, amma ya taɓa yin ƙorafi a wata hira cewa an gaya mana Aragorn, sarki a labarin Tolkien, ya yi mulki da adalci, to yaya tsarin harajinsa yake, kuma me ya yi da ragowar Orc bayan yaƙi? Game of Thrones amsar irin wannan tambaya ce. A nan babu mai gudun karaga, kowa ita yake hari. Ana zama majalisar fada a tarar masarauta na da bashin zinariya miliyan 6, sarki kuma gasar mahaya yake so a shirya masa. Ana ɗaura aure don a samu sojoji, ana riƙe 'ya'yan abokan gaba a matsayin garkuwa, ana sayen 'yan leƙen asiri. Martin daga tarihi ya ɗebo da yawa: rikicin gidan Stark da gidan Lannister ya samo asali ne daga yaƙin gadon sarauta tsakanin gidan York da gidan Lancaster a Ingila a ƙarni na 15, katangar ƙanƙarar nan ta arewa kuma daga katangar Hadrian da Rumawa suka gina ta zo masa. Duk wanda ya tashi yana jin labarin 'yan ubanci da tuggun fadawa da rigimar wa zai gaji sarki, ba sai an yi masa bayani ba, nan take zai gane filin.

Akwai ɗan wasa ɗaya da ya fito a duka biyun, Sean Bean, kuma in ka dubi abin da kowane labari ya yi da shi ka gama fahimtar bambancin. A The Lord of the Rings shi ne Boromir, jarumin da ya so ya yi amfani da zoben don ya ceci birninsu. Kwaɗayi ya kayar da shi, ya yi nadama, aka ba shi damar wanke kansa. A Game of Thrones shi ne Ned Stark, mai gaskiya da riƙon amana, wanda aka kira babban birni ya zama kamar wazirin sarki. Shi bai yi kwaɗayin komai ba, gaskiyar tasa ce ma ta kai shi ta baro, don ya ɗauka kowa irinsa ne. Wannan kaɗai zan tona maka, shi ma don na san ka riga ka ji a bakin mutane. Labari ɗaya ya ce mai laifi yana iya tuba ya mutu da mutuncinsa. Ɗayan ya ce a fada nagarta ba sulke ba ce.

In ana maganar mutane da zance, Game of Thrones ya yi gaba, ba na musu. Tyrion Lannister, wanda Peter Dinklage ya fito a matsayinsa har ya ci kyautar Emmy sau 4, in ya buɗe baki sai ka ajiye abin da ke hannunka. Zaman Tywin da 'ya'yansa, habaicin tsohuwa Olenna Tyrell, musayar magana tsakanin Varys da Littlefinger a gaban karaga, waɗannan sun fi mini dodannin masu aman wuta daɗi nesa ba kusa ba. Jaime Lannister kuwa za ka tsane shi a kashi na ɗaya, kafin ƙarshen zango na uku ka samu kanka kana tausaya masa ba ka san lokacin da aka juya ka ba. Mata ma a nan suke da fili: Cersei, Daenerys, Sansa, Arya, kowacce da nata yaƙin. A The Lord of the Rings mata uku ne za ka iya tunawa, Arwen da Galadriel da Éowyn, kuma Éowyn ce kaɗai aka bari ta gwabza da takobi a fagen fama. Amma kada a ce babu siyasa a cikinsa. Akwai sarki Théoden da mugun bafade ya kanainaye har ya daina gane nasa, akwai Denethor mai riƙon ƙwarya da ya ji daɗin kujera ya ƙi yarda mai ita ya dawo. Kaɗan ne, amma an yi su da kyau.

Yaƙe-yaƙe fa? A nan nawa ra'ayin ya karkata ga Jackson. Yaƙin Helm's Deep a fim na biyu da dare ake yinsa, cikin ruwan sama, amma kana ganin komai: ka san inda ƙofa take, ka san inda katanga ta fashe, ka san wa ke tsaye a ina. Game of Thrones yana da nasa masu kyau, Blackwater a zango na biyu, Hardhome a na biyar, da yaƙin Jon Snow da Ramsay Bolton a na shida wanda har numfashinka sai ya ɗauke. Amma babban yaƙin da aka shekara takwas ana yi mana alkawari, a kashi na uku na zangon ƙarshe, duhu ne ya cinye shi, masu kallo a ko'ina sun yi ta ƙorafi. In a waya za ka kalla, rabinsa fuskarka za ka riƙa gani a gilashi. Kiɗa kuwa kunnen doki suka yi, Howard Shore a The Lord of the Rings, Ramin Djawadi a Game of Thrones.

Wani abu da duka biyun suka ba ni haushi da shi a matsayina na baƙar fata: a The Lord of the Rings mutanen kudu da na gabas, masu naɗe fuska da hawan giwaye, duk a rundunar mugu aka zuba su. A Game of Thrones kuma zango na uku ya ƙare da taron bayi masu duhun fata sun ɗaga farar mace sama suna kiranta uwa, a birnin da aka ɗauka a Maroko. Ba zai hana ka jin daɗin kallo ba, amma za ka lura.

Sai maganar ƙarshen labari, wadda ita ce ta sa na ce ka fara da na Tolkien. Jackson ya shiga aiki littafi yana hannunsa a kammale shekaru da dama, ya san inda za shi tun ranar farko. Fim na uku, The Return of the King, ya ci Oscar 11, duk rukunin da aka sa shi bai faɗi ko ɗaya ba. Laifin da ake ɗora masa shi ne ya yi ta sallama ya ƙi tafiya, ka ɗauka an gama sai ga wani ban kwana. Ni wannan bai dame ni ba. David Benioff da D.B. Weiss kuwa, masu shirya Game of Thrones, littattafai ne suka ƙare musu a hanya. Na biyar ya fito a 2011, na shida ya ƙi fitowa, saboda haka daga wajen zango na shida da nasu kan suka ci gaba. Zangunan farko shida kowanne kashi 10 ne, na bakwai ya koma 7, na takwas 6. Tafiyar da a zango na ɗaya aka ce wata guda take ci daga babban birni zuwa Winterfell, garin gidan Stark a arewa, sai ga mutane suna yin irinta tsakanin fitowa ɗaya da ta biye. Masu wayon da muka sani suka koma yin wauta don labari ya samu hanyar wucewa. Abin ya zama kamar telan da ya share wata guda yana aikin wuyan riga, daren sallah ya haɗa hannuwan a gurguje. Mutane fiye da miliyan ɗaya sun sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake zangon ƙarshe. Ni abin da ya faru da jaruman bai ɓata mini rai ba, an daɗe ana nuna alamunsa. Gudun da aka yi kafin a kai can ne matsalar.

Duk da haka ban yarda da abokanka masu cewa ka bar shi gaba ɗaya ba. Zango na ɗaya zuwa na huɗu suna cikin mafi kyan abin da aka taɓa yi wa talabijin, kuma lalacewar ƙarshe ba ta goge su ba. In ka ga zuciyarka za ta iya ɗaukar abin da na lissafa a sama, ka kalla kai kaɗai, da rubutun fassara a ƙasan allo, domin sunaye da gidaje suna da yawa, wanda ya rasa magana ɗaya yakan rasa zaren. In kuma ba za ta iya ba, babu wanda zai ga laifinka.

Wajen nema ka kula da abu biyu. The Lord of the Rings yana da tsawaitaccen bugu da ya haura awa 11. Karon farko ka ɗauki wanda aka nuna a silima, tsawaitaccen na wanda ya riga ya kamu ne. Kuma kada mai tura fim ya ruɗe ka da cewa The Hobbit ne farkon labari don haka da shi ake farawa. Gaskiya ne abin da ke cikinsa ya riga faruwa, amma fina-finan nan uku na 2012 zuwa 2014 ƙaramin littafi ɗaya aka ja aka miƙe, ba su kai na asali ba. Haka The Rings of Power da House of the Dragon, waɗanda duka suka fara a 2022, su jira tukuna. The Fellowship of the Ring za ka nema, kuma ka yi haƙuri da rabin awar farko a ƙauyen su Frodo, ana biki ana wasan wuta kamar babu abin da zai faru. Da mahayan nan masu baƙaƙen kaya sun shigo gari, babu wanda zai sake tashi daga falon.