Shagon da ake jera littafi kusa da wanda ya haife shi

A wani lungu na Tudun Wadar Zariya akwai ƙaramin shagon tsofaffin littattafai wanda ba shi da allon suna, kuma da wuya baƙo ya gane shi idan ba a yi masa kwatance ba. Na fara zuwa wurin ne lokacin da nake fama da rubuta littafina na farko, kuma na koma sau da yawa tun daga nan, har na ga ya dace in faɗa wa masu sha'awar ƙagaggun labarai abin da za su tarar.

Dattijon da ke da shagon ba ya jera kayansa bisa sunan marubuci ko shekarar bugu. Kowane littafi yana ajiye shi ne kusa da wanda ya yi imani shi ne tushensa. Ranar farko na tambayi Magana Jari Ce, sai ya miƙo mini kundi ukun, ya ɗora Dare Dubu Da Ɗaya a kai, sannan ya ƙara da wani littafin Turanci na tatsuniyoyin Jamus waɗanda 'yan'uwan nan Grimm suka tattara, bangonsa ya yage har an ɗinke shi da zare. Na ce, "Baba, ai guda ɗaya na tambaya." Ya ce, "Ɗana, mai neman aure ai sai ya ga gidan su yarinya."

Wannan tsari shi ne babbar darajar shagon, domin yana nuna wa matashin marubuci abin da ake koyarwa a jami'a amma ba a cika gani da ido ba. An san cewa Rupert East na Hukumar Talifi, wanda ya shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, shi ne ya tara wa Abubakar Imam littattafan Larabawa da na Turawa da na Gabas kafin ya zauna rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939. Dabarar aku mai ba da labari don ya tsare wani daga fita, wadda Imam ya yi amfani da ita a littafin, tana da tsohon tarihi a adabin Indiya da Farisa, kuma salon saka labari cikin labari shi ne ƙashin bayan Dare Dubu Da Ɗaya. Sai dai sanin wannan daban yake da zama a kan bencin shagon, littafi biyu buɗe a cinya, mutum yana bin yadda Imam ya tuɓe wa labari rigar ƙasarsa, ya sa masa rawani da alkyabba, ya kai shi fada tsakanin sarki da waziri, ya cika bakin mutanensa da karin magana da habaici irin namu. Da na gama kwatanta labari guda a wannan zama, sai na koma gida na yage babi biyu na abin da na rubuta, saboda na gane cewa na kwaso su ne ɗanye daga littattafan da nake so, ban dafa su ba.

Haka ya yi mini da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda na karanta tun ina firamare ban taɓa zargin baƙo ba ne. Dattijon ne ya nuna mini cewa gurgun da ya miƙe ya zama jarumi shi ne Iliya Muromets na tatsuniyoyin Rasha, kuma Sarki Waldima na birnin Kib ba kowa ba ne illa Biladimiya na Kiyef. A kantar ƙasa kuma ya haɗa littattafan soyayya na Kano da ƙananan littattafan soyayya na Turanci waɗanda 'yan makarantar kwana suka riƙa karɓa hannu da hannu, ko da yake a nan ina ganin ya rage wa finafinan Indiya da rayuwar gidajen aure nasu kason.

Shagon yana da nasa aibi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Wurin ƙunci ne, mutum uku ba sa tsayawa ciki a sake, ga ƙura da ke sa atishawa musamman da hunturu. Gara ta ci gindin wasu kundaye, kuma na taɓa sayen littafi na isa gida na tarar shafuka takwas na ƙarshe babu, ko da yake da na mayar an canza mini ba tare da gardama ba. Ba a rubuta farashi a jikin komai, sai an yi ciniki, kuma ana rufewa da zarar an kira la'asar. Duk mai zuwa ya zo da hantsi, ya duba shafin farko da na ƙarshe kafin ya biya, kuma ya ware aƙalla awa biyu, domin dattijon ba ya sallamar marubuci sai ya tambaye shi abin da yake karantawa a wannan makon.