Littafin bitar Hausa da ya sa na ji kunya a gaban malamin 'yata

Tun farkon zangon nan 'yata ta hana ni sakat sai na saya mata littafin bitar Hausa, tunda tana ajin ƙarshe na sakandare, ga WAEC ga NECO sun ƙarato. Na biya wajen masu littattafai a Tsohuwar Kasuwa nan Gombe, na ɗauko mata ɗan ƙaramin nan da yara ke rububinsa. Kuɗinsa kun sani, ya fi na mudun shinkafa.

Da farko na yaba, ba zan ɓoye ba. Sashen auna fahimta ya yi kyau, gajerun labarai da tambayoyi a ƙasa, har da shawarar a fara duba tambayoyin kafin a karanta labarin. A sashen rubutacciyar waƙa kuwa, baiti da ɗango, ƙwar biyu da ƙwar biyar, amsa-amon ciki da na waje, duk ta haddace su cikin mako biyu, tana yi wa ƙannenta bita bayan sallar isha'i.

Sai aka yi musu gwaji a aji. Malam ya rubuta "Ilimi haske ne", ya ce a faɗi wane adon harshe ne. Ta rubuta kamantawa, ya ja mata jan biro. Ta dawo gida da hawaye, ta buɗe littafin ta ce, "Baba duba, wallahi haka aka rubuta." Na duba, ga shi kuwa ɓaro-ɓaro, irin wannan jimlar ce a ƙarƙashin kamantawa. Ni kuma da zafin kai, washegari na hau acaba daga Pantami har makarantar, littafi a hannu, wai zan ƙwato wa 'yata makinta.

Malamin bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ba ni kujera, ya ce, "Alhaji, kamantawa sai da kalmar da ke haɗa abu biyu, irin su kamar, tamkar, sai ka ce. In ka ce ilimi kamar haske yake, ka kamanta. In ka ce ilimi haske ne kai tsaye, ka siffanta, sunansa siffantawa." Ya karɓi littafin ya juya shafi, ya nuna mini ashe kanun biyu aka musanya, misalan siffantawa suna ƙarƙashin kamantawa, na kamantawa suna ƙarƙashin siffantawa. Bai tsaya nan ba. A wajen mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba halin mutum, kamar a ce rana ta yi murmushi, sai ga misalin "ya sha ruwan tafki ya ƙafe", wanda kambamar zulaƙe ne tsantsa, wato zuzuta abu fiye da kima. Malamai biyu na gefe suna ta danne dariya. Na ba da haƙuri, na fito ko waiwaye ban yi ba.

Na koma wajen mai shagon, ya ce, "Alhaji, ni sayarwa nake, ba ni na rubuta ba." Gaskiyarsa, amma ko sannu ai ya ce.

Da na huce na ce to, kuskuren shafi biyu ba zai sa a yar da littafi ba, sauran sassan suna da amfani, sai a gyara da biro a ci gaba. Haka na yi niyyar rubutawa a nan. Amma jiya da na zauna ina gyaran, sai na lura a labaran auna fahimtar da nake yabo babu ƙugiya ko ɗaya a kan haruffa. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Wani labari ya fara da "baki sun cika gidan", yarinya ta daɗe tana tunanin wane irin baki ne ke cika gida kafin ta gane baƙi ake nufi. Ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari. Littafin da zai shirya yaro jarrabawar da ake rage maki a kan ƙa'idojin rubutu ke nan!

Yanzu dai yana hannunta, duk ya sha jan biro, kuma na ce kada ta sake haddace komai a ciki sai ta nuna wa malaminta. Maƙwabcina ya aiko a ara wa ɗansa, na ce ya bari sai mun gama gyara.