Mai gibi ko mai taransista: wanne ya fi ja wa tartsatsi tsawo a kan ƙaramin janareta?

Ƙanena na wajen Ringim, tambayarka ita ce: kana da ƙaramin janareta da aka rubuta wa wat 650, kana son haɗa kwayil ɗin Tesla, wato naɗin wayar nan mai ɗaga wuta ta fito da tartsatsi a iska, wanne zai ba ka tartsatsi mafi tsawo, mai gibin tartsatsi ko mai taransista? Na haɗa duka biyun a rumfar gyarana, don haka ga abin da na gani.

Kafin a je ga kwatanci, akwai wani lissafi da masu wannan harka suka daɗe suna riƙe da shi, wanda ake dangantawa da wani Ba'amurke, John Freau. Ka nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wat ɗin da kwayil ke ja, sai ka ninka ta da 1.7. Abin da ya fito shi ne tsawon tartsatsi a inci. Wat 100 zai ba ka inci 17, wato kamu guda. Wat 400 inci 34. Wat 1,600 inci 68. Ka ga inda gizo ke saƙar: kafin tartsatsi ya ninka sau biyu, sai wuta ta ninka sau huɗu. Janaretanka, in da zai ba da 650 ɗin cif, inci 43 ke nan, mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Amma wannan na gwanin da ya saita komai ne. Wanda ya fara yau, in ya sami rabi ya gode wa Allah. Kuma mu da muke gyaran waɗannan injina mun san lambar da ke jikin tanki daban, abin da ke fitowa a soket daban.

Mai gibi shi ne irin wanda Nikola Tesla ya fito da shi a 1891. Taransifoma ce mai ɗaga wuta zuwa dubban bolt, ta cika kwandansa, wato ma'ajiyar da ke tara wuta, in ta cika sai wutar ta tsallake gibin da ke tsakanin ƙarafa biyu, duk abin da aka tara ya zube cikin kwayil lokaci guda. A wutarmu mai juyi 50 a daƙiƙa, wannan dukan yakan zo kamar sau 100 a kowace daƙiƙa. A ce kowane duka jul 2 ne (jul ɗaya shi ne aikin wat ɗaya a daƙiƙa ɗaya), jimla wat 200 kacal janareta ke ji. Amma jul 2 ɗin nan cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa yake fita, don haka a wannan ɗan ƙiftawar ƙarfinsa dubban wat ne. Sannan dukan farko yana barin iska da zafi a hanyar da ya bi, na biyu ya bi ta nan ya ƙara gaba, na uku ya ɗora. Kamar mai haƙar rijiya ne, kowane sara cikin ramin na baya yake faɗawa. Shi ya sa tartsatsin ke zarce abin da bolt ɗinsa kaɗai zai iya tsallakewa.

Mai taransista na gama-gari kuwa ba ya tarawa, turawa yake yi ba tsayawa. Wutar takan tsaya a bakin waya kamar tuntun hula, shuɗiya, tana huci, ga zafi har ta narkar da kan wayar. Nawa da na yi da taransista huɗu, janareta har gurnani yake, amma tartsatsin bai cika taƙi guda ba, ƙarfen sanyaya kuma ba ya taɓuwa bayan minti biyu. Sai da na sa masa da'irar da ke kunna shi tana kashewa, ya riƙa aiki a ɗan guntun lokaci yana hutawa, sannan ya miƙe ya ɗan yi tsawo, wutar da yake sha ta ragu sosai. Akwai babban yayansa da ake kira DRSSTC, wanda ya haɗa dabarun biyu, kuma shi yakan kamo mai gibi har ya wuce shi a kan wat ɗaya. Sai dai kuskure kaɗan a saiti taransistocin su fashe, ka koma Sabon Gari neman wasu da kuɗin mota daga aljihunka. Ban ba wanda ba shi da na'urar ganin siginal shawarar fara wannan ba.

To a kan janaretanka, mai gibi ne zai ba ka tsawo, kuma ya fi haƙuri da wutar da ke hawa da sauka. Kuɗinsa shi ne ƙara da haɗari. Ƙarar kamar ana yayyaga kwano, maƙwabta za su leƙo ta saman danga. Taransifomar da ta dace ita ce ta fitilun talla, irin mai bolt 15,000 da miliam 30, wato wajen wat 450, daidai wuyan injinka, kuma an ƙera ta ba ta sakin wuta fiye da ƙima. Na san za a ce maka ka ciro ta obin ɗin dumama abinci tunda ta fi sauƙin samu a wajen 'yan gwangwan. Kada ka yi. Bolt ɗinta wajen 2,000 ne kawai amma kwararar wutarta kisa take yi nan take, ba ta ba mutum damar janye hannu. Kwandansa ma tana riƙe wuta bayan an kashe inji, sai an sauke ta da sanda mai dogon mariƙi kafin a taɓa komai.

In batirin sola kake tunani, to ka bar maganar tsawo. Ƙaramin mai taransista ɗaya a kan bolt 12 zai kunna maka dogon ƙwai a hannu ba waya, yara su yi ta mamaki, amma tartsatsinsa bai wuce ƙwayar gero biyu uku ba. Shi na fi so mutum ya fara da shi don ya koyi naɗi. Babban kwayil kuma kada ya kusanci inbata ko wayoyin da aka kawo caji, yakan ƙona su ko da ba a haɗe suke ba.

Abu guda da ya cinye min kusan wata kafin na gane: wayar ƙasa. Yashin wajenmu da rani ƙayau yake, ƙarfen da ka kafa kamar ka rataye shi a iska. Kwayil ɗina na ta ba da rabin abin da na lissafa, ina ta zargin kwalaben lemo da ruwan gishirin da na yi kwandansa da su. Ranar da na mayar da ƙarfen kusa da makwararar wanka, inda ƙasa ke da danshi, tartsatsi ya ƙaru a gabana. Kwalaben ma suna da nasu laifin, suna ɗumama, ɗumin nan kuwa fetur ɗinka ne ke tafiya. Ka kafa ƙarfen kwayil daban, kada ka haɗa shi da na janareta, ka yi nesa da zana da karan da aka jingine.

In ka tashi aunawa, kafa sandar ƙarfe mai haɗe da ƙasa, ka riƙa matsar da ita baya, inji a kashe kowane karo, har inda tartsatsi ke kai mata jefi-jefi. Wannan tazarar za ka auna da tef, ka rubuta tare da wat ɗin da mita ta nuna, sai mu duba ta da lissafin can na sama.